Uwargida a Birtaniya: Yadda Ake Kafa Shaidar Biyan Bashi

'Yan uwana mata, darasinmu na wannan fitowa ya shafi waɗanda Allah Ya kai su Birtaniya da zama, ko aikin maigida ne ya kai ki, ko karatunsa, ko kuwa ke ce kika samu aikin asibiti kuka tafi tare. Ke ma da kike gida kar ki ce ba ruwanki, domin wataƙila 'yarki ko ƙanwarki tana can, kuma abin da za mu tattauna a kai ba kasafai ake gaya wa mace shi kafin ta hau jirgi ba. Ana gaya mata ta sayi rigar sanyi, ta ɗauri kuka da daddawa da yaji, amma ba mai ce mata ga yadda mutanen ƙasar suke gane wanda za su amince wa da kuɗi.

Ga yadda abin yakan fara. Kin yi wata uku ko huɗu da sauka, sai ki shiga kantin waya kina son a ba ki wayar da za ki riƙa biya wata-wata. Yarinyar kantin ta karɓi sunanki da adireshinki ta danna a kwamfuta, jim kaɗan ta ɗago ta ba ki haƙuri, wai ba a amince ba. Ki fito ranki a ɓace kina cewa, ni da ban taɓa cin bashin kowa ba a rayuwata? To 'yar uwa, ai nan gizo yake saƙar. Ba wai an same ki da laifi ba ne. An duba ne ba a ga komai a kanki ba, alheri ko sharri, su kuwa a wurinsu wanda ba a sani ba kusan ɗaya yake da wanda ake shakka.

Ki tuna mai kantin unguwarku a gida. Idan kika aiki yaro ya karɓo sukari da madara a rubuta, ba ya musu, saboda ya san gidanku, ya san duk ƙarshen wata maigida yana zuwa ya share littafi. Amma baƙuwar da ta tare jiya, ko da ta fi ki kuɗi, sai ya ce ta kawo a hannu tukuna. Abin da Turawa suka yi shi ne sun ɗauke wannan littafi daga hannun mai kanti ɗaya suka mai da shi na ƙasa baki ɗaya. Kamfanoni uku ne manya suke riƙe da shi a Birtaniya: Experian da Equifax da TransUnion. Bankuna da kamfanonin waya da wasu kamfanonin wuta da gas suna aika musu labarin abokan hulɗarsu duk wata, wane ya biya a kan kari, wane ya makara, wane ya ƙi biya sam. Duk wanda kika je neman wani abu a wurinsa wanda za a biya daga baya, can zai leƙa.

A Najeriya ma akwai irinsu, kamar CRC da FirstCentral da CreditRegistry, har an yi musu doka a 2017. Sai dai abin da aka rubuta a kanki a can yawanci ba ya bin ki. Ko da kin shekara goma kina hulɗa da banki a Kano ko Kaduna ba tare da tangarɗa ba, ranar da kika sauka Landan littafinki fari fat yake.

Me ake rubutawa a ciki? Sunanki da ranar haihuwarki, adireshin da kika zauna, ko kina cikin rajistar masu zaɓe, asusun da kike da su waɗanda suka shafi bashi da yadda kike biyansu, hukuncin kotu idan an taɓa yi a kanki saboda kuɗi, da kuma jerin waɗanda suka bincika ki. Ba a rubuta albashinki, ba a rubuta abin da kika tara a asusun ajiya, ba a rubuta addininki ko launin fatarki. Kuma zancen da ake yaɗawa cewa wai akwai gidan da aka sa wa baƙin fenti saboda wanda ya zauna a cikinsa kafin ku ya gudu da bashi, ba gaskiya ba ne. Mutum ake bi, ba gida ba. Shi kuma makin da za ki ga an ba ki, kowane kamfani da nasa ma'aunin, saboda haka kar hankalinki ya tashi don kin ga lambobi uku daban-daban. Banki ba makin yake kallo kawai ba, tarihin yake karantawa ya haɗa da abin da kika rubuta masa, ya yanke nasa hukuncin.

Ni da ba na son bashi, ina ruwana?

Na san wannan tambaya tana ranki, kuma tambaya ce mai kyau. Mun taso an koya mana tsoron bashi, kuma da gaskiyar iyayenmu. Ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya taɓa dakatawa daga yi wa wani mamaci salla saboda bashin da ke kansa, har sai da wani sahabi ya ɗauki nauyin biya. Amma kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, wato ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu take. Kin ga ke nan rubuta wanda ya ci da wanda ya biya ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Inda matsalar take shi ne kuɗin ruwa, kuma za mu zo kansa.

Abin da ya sa ya shafe ki shi ne, a ƙasar nan abubuwa da yawa da ba ma ɗaukarsu bashi, su bashi suke ɗaukarsu. Layin waya na wata-wata, intanet na gida, wuta da gas da ake biya bayan an sha, duk ana iya bincikarki kafin a ba ki. Dillalan gidajen haya suna duba ko akwai hukuncin kotu a kanki, in ba su gamsu ba su ce sai kin kawo wanda zai tsaya miki, baƙo kuwa ina zai samo shi? Hatta sayen gida ta hanyar Musulunci bai tsira ba. Tun da aka gyara dokar haraji a 2003, aka kuma buɗe bankin Musulunci na farko na jama'a a Birtaniya a 2004, Musulmi suke da hanyar mallakar gida ta haɗin gwiwa, inda banki yake sayen gidan tare da ku, kuna biyan hayar kasonsa kuna kuma saye kason kaɗan-kaɗan har ya zama naku. Bankuna irin su Gatehouse suna wannan. To su ma kafin su sa kuɗinsu sai sun buɗe wancan littafi sun karanta.

Ga kuma babban dalilin da ya sa na ce da ke nake, ba da maigida ba. Littafin nan na mutum ɗaya ne. Aure ba ya haɗa shi. Gidaje da yawa za ki tarar haya da sunan maigida, wuta da sunansa, intanet da sunansa, har layin da ke wayar uwargida da sunansa aka karɓa. Shi ba da mugunta ya yi ba, ganinsa nauyinsa ne ya ɗauka, kuma haka ne. Amma sakamakon shi ne mace ta shekara bakwai a ƙasa, ta haifi 'ya'ya uku, amma a idon banki kamar jiya ta sauka. Ba fata muke ba, amma mutuwa tana zuwa ba sallama, aure ma yakan ƙare, aiki yakan mai da namiji gida ya bar iyali don karatun yara. Ranar da hakan ta faru, macen da take cikin takaba ita ce kuma za ta shiga neman wanda zai ba ta haya alhali ba ta da shaidar komai. Ko ba wannan ba, ranar da za ku nemi gida da sunanku ku biyu, rashin tarihinki zai iya rage muku ƙarfi. Saboda haka ki zauna da maigida cikin ladabi da lalama ki nuna masa cewa amfanin gidan ne gaba ɗaya. Ba sai kin karɓe masa nauyi ba. Yana iya ci gaba da sa kuɗin a asusunki, sunanki kawai ake so ya fito a takarda.

Daga ina za ki fara?

Ki fara da sunanki. Wannan kamar wasa ne amma yana ɓata wa mutanenmu al'amari ƙwarai. A fasfo an rubuta Aishatu, a banki kin ce Aisha, a kantin waya kin rubuta A'isha, nan kin sa sunan mahaifi, can kin sa na miji. Kwamfuta ba ta san ke ɗaya ce ba, sai ta raba miki tarihi gida biyu ko uku, kowanne guntu. Ki zaɓi yadda yake a fasfo, harafi da harafi, ki tsaya a kansa. Haka ma adireshi, musamman idan gidan sama ne mai ɗakuna da yawa, ki riƙa rubuta lambar iri ɗaya ko'ina.

Sai asusun banki na kanki. Idan an ƙi buɗe miki na yau da kullum, ki tambayi asusu na matakin farko, wanda doka ta wajabta wa manyan bankuna tara su samar kyauta. Za a nemi fasfo da shaidar izinin zama, wadda tun ƙarshen 2024 ta koma ta intanet maimakon ɗan katin da ake bayarwa a da, sai kuma takardar da ke nuna inda kike zaune.

Bayan haka ki yi rajistar zaɓe, ko da ba ki da niyyar jefa ƙuri'a. Da wannan rajista bankuna suke tabbatar da cewa lallai kina zaune inda kika ce. A nan 'yan Najeriya da Ghana da Kamaru sun yi sa'a, saboda ƙasashensu suna cikin ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila, kuma ɗan waɗannan ƙasashe da yake da izinin zama yana da damar shiga rajistar. Mata da yawa ba su san haka ba, suna zaton sai mai jan fasfo. Minti kaɗan ne a shafin gwamnati, kuma kyauta ne. 'Yar uwarmu ta Nijar ko Chadi ko Sudan ba ta da wannan dama a Ingila, amma idan a Sikotland ko Wales take zaune, an buɗe wa baƙi masu izinin zama ƙofar zaɓen yankin tun daga 2020. Wadda ba za ta iya ba sam, tana da damar aika wa kamfanonin nan uku ɗan bayani da bai wuce kalma 200 ba, a liƙa a littafinta, ta ce ga dalilin da ya sa ba ta cikin rajista kuma tana da takardun shaidar adireshi.

Daga nan sai ki nemi ƙaramin abu da za ki riƙa biya duk wata. Mafi sauƙi shi ne layin waya zalla na kwantiragi, ba tare da wayar ba, domin kuɗinsa kaɗan ne kuma an fi saurin amincewa. Wanda ake sa wa kati in ya ƙare a ƙara, irin namu na gida, ba ya shiga lissafi. Ki ba banki izini ya riƙa cire kuɗin da kansa ranar da aka yanka, abin da suke kira dairek debit, don kar hidimar yara ta mantar da ke. Ki sa a ƙara sunanki a takardar wuta da gas ko ta intanet. Kuɗin haya, duk da shi ne mafi girma a abin da kuke biya, ba ya shiga littafin da kansa, amma akwai kamfanoni irin su CreditLadder da Canopy da suke kai rahotonsa idan kin yi rajista da su, in dai sunanki yana cikin yarjejeniyar hayar.

Adashi fa? Matanmu a Manchesta da Bamingham da Landan suna yi, kuma yana rufa asiri sosai, ba kuɗin ruwa ba wulaƙanci. Sai dai ko kin shekara biyar kina zubi ba fashi, uwar adashi ce kawai ta sani. Ki ci gaba da abinki, amma kar ki ɗauka yana gina miki wani abu a wurin banki.

Maganar katin bashi

Duk wanda kika tambaya a can zai ce miki hanya mafi sauri ita ce katin bashi. An ce in ka je gari ka ga kowa da jela kai ma ka nemi taka, amma Musulma takan tsaya ta duba jelar tukuna. Yadda katin yake aiki shi ne, banki ya biya miki abin da kika saya, ƙarshen wata ya aiko miki da lissafi. Idan kin biya duka kafin ranar da aka sa, ba a ɗora miki ko kwabo, kuma wa'adin yakan kai kwana 56 daga ranar sayayya. Idan kin bar saura, sai kuɗin ruwa ya hau. Katunan da ake ba sababbin zuwa su ne suka fi tsada, ruwansu yakan haura kashi 30 cikin 100 a shekara. Alal misali, fam 500 da aka bari a kan kashi 35, a shekara ya haifi wajen fam 175.

Malamai sun yi saɓani a nan, kuma ya kamata ki san duka ɓangarorin. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a yi mu'amala da katin da aka gindaya wa sharaɗin kuɗin ruwa ba, ko da mai shi ya ƙudurta zai biya a cikin wa'adi, domin sa hannu a kan sharaɗin shi kansa matsala ne. Wasu malaman, musamman waɗanda suke zaune a Turai da Amurka, sun yi rangwame ga mai buƙata wanda ya tabbatar ba zai taɓa bari ruwan ya hau ba. Ba mu za mu yanke miki ba, ki tambayi malamin da kika amince da iliminsa wanda kuma ya san yanayin ƙasar. Abin da zan ce kawai, wadda ta zaɓi barin katin ba ta rasa hanya ba. Tafiyarta za ta fi jinkiri, amma asusu da rajista da waya da wuta da haya suna gina tarihi.

Wadda kuma ta bi ɗaya fatawar, to ta riƙe katin kamar yadda ake riƙe wuƙa a gidan da ke da yara. Ranar da ya iso ki saita banki ya riƙa cire cikakken abin da ake bin ki, ba mafi ƙarancin da suke rubutawa ba, domin wannan mafi ƙarancin shi ne tarkon. Ki sa abu ɗaya da dama kina sayensa, kamar cefanen mako, ki tsaya nan. Kar ki wuce kamar kashi 30 na iyakar da aka ba ki, wato in fam 500 ce ki tsaya wajen 150. Kar ki kuskura ki cire tsabar kuɗi da shi, saboda wannan ba shi da wa'adi, daga ranar ruwa yake fara hawa. Kuma ki sani, katin da maigida ya karɓar miki a ƙarƙashin nasa, a Birtaniya tarihinsa yake ginawa ba naki ba. A Amurka ne irin wannan yakan shiga lissafin matar, shi ya sa za ki ji ƙawarki ta can tana ba ki shawarar da ba ta aiki a inda kike.

Akwai wuraren da kuɗin ruwa yake ɓuya ba a lura. Inshorar mota idan aka ce a biya wata-wata, yawanci bashi ne aka ba ku da ruwa a kai, biyan shekara gaba ɗaya ya fi tsafta kuma ya fi arha. Damar da banki yake bayarwa ta cin fiye da abin da ke asusu, tun 2020 ruwanta a bankuna da dama yana kusan kashi 40. Tsarin saya yanzu biya daga baya, irin na Klarna, sau da yawa ba ruwa a kansa, amma tun 2022 ana kai rahotonsa, kuma shi ne yake sa mace ta tara ƙananan basussuka biyar na kayan yara da na kicin ba ta ankara ba.

Idan an ƙi ki a wuri ɗaya, kar fushi ya sa ki nemi wurare huɗu a mako guda. Kowace nema tana barin sawu da wasu za su gani har kimanin shekara, kuma sawu da yawa a jere kamar alamar wanda ruwa ya kusa cinyewa ne. Akwai binciken gwaji da ba ya barin sawu, shi za ki fara yi. Ki ba abin lokaci, wata shida zuwa shekara kafin ki ga ya fara kama jiki.

Na ce aure ba ya haɗa littafi, amma asusun haɗin gwiwa yana haɗawa. Da zarar kun buɗe asusu ɗaya da sunanku biyu, ko kun ci bashi tare, duk mai bincikarki yana iya leƙa nasa. In maigida mai kiyayewa ne, ba laifi. In kuwa kin san hannunsa a sake yake, ki riƙe naki daban. Dukiyar mace tata ce a shari'a, haka ma sunanta. Duk takardar da aka miƙo miki a ce sa hannu a nan, ki karanta, ko wane ne ya miƙo. Bashin da aka ci da sunanki ke za a bi, ba wanda ya kashe kuɗin ba, kuma dokar 2021 ta Ingila da Wales ta lissafa danniya ta hanyar kuɗi cikin nau'o'in cin zarafi a gida. Haka nan ɗan gari ko ɗan uwa da zai ce ki ara masa asusunki a turo masa kuɗi ya wuce, ki ba shi haƙuri komai nauyinsa a idonki. Idan kuɗin na zamba ne, asusunki za a rufe, a sa miki alamar da za ta iya kai shekara shida, ba bankin da zai so ya karɓe ki.

Shekara shidan nan ki riƙe ta, domin ita ce tsawon zaman kowane tabo. Biyan da aka yi watanni ana tsallakewa har kamfani ya rubuta cewa kin gaza, shekara shida. Hukuncin kotu, wanda suke kira CCJ, shekara shida, sai fa in an biya duka cikin wata ɗaya da yanke shi. Abin takaici, wani lokaci yakan samu mutanenmu ba don rashin kuɗi ba. An tashi daga gida ba a rufe lissafin wuta ba, ko an yi tarar ajiye mota aka aika wasiƙa tsohon adireshi, aka yi ta aikawa ba amsa har magana ta je kotu ba wanda ya sani. Duk sanda za ku tashi, ki ɗauki hoton mita, ki sanar da kowane kamfani da hukumar lasisin mota, ki sake rajistar zaɓe a sabon wuri. Wasiƙa kuma in ta zo ki buɗe, ko Turancin ya yi miki nauyi ki nemi mai karanta miki.

Duba littafinki haƙƙinki ne, kuma tun 2018 kyauta ne. Kina iya nema kai tsaye daga kamfanonin uku, ko ki yi amfani da manhajoji irin su ClearScore da Credit Karma, kuma duba naki da kanki ba ya rage miki komai. In kin ga abin da ba naki ba ki kai ƙorafi, suna da kwana 28 su ba ki amsa. In kuwa bashi ya riga ya yi muku katutu, StepChange da Citizens Advice suna ba da shawara ba tare da karɓar ko sisi ba, sun fi masu talla a waya da suke cewa a biya su su goge tabo, abin da ba mai iya gogewa in dai gaskiya aka rubuta.

Saura masu zuwa gida hutu ko Umra su yi wata ɗaya ko biyu. Kafin ki ɗaure akwati ki lissafa duk abin da banki zai cire a bayanki, ki bar kuɗinsa a asusu har da ɗan ƙari, ki kuma tabbatar layin da banki yake turo miki saƙo zai yi aiki a inda za ki.